Hayar keken hawan tsauni a Talybont-on-Usk: shawarar ta fi keken daraja

Ƙauyen Talybont-on-Usk da ke kudancin Wales, a Birtaniya, bai wuce babban titi ɗaya da 'yan lunguna ba, amma a ƙarshen mako da wuya mutum ya ga motar da ta tsaya a cikinsa ba keke ɗaure a bayanta. Abin da ke jawo mahaya shi ne wurin da ƙauyen ya zauna. Yana bakin haƙaƙƙiyar hanyar ruwan Monmouthshire da Brecon, kimanin kilomita 10 daga garin Brecon, a gindin tsaunukan gandun Bannau Brycheiniog, wanda aka kafa a 1957 kuma aka fi sani da Brecon Beacons kafin hukumarsa ta koma amfani da sunansa na harshen Wales a 2023. Wanda bai zo da kekensa ba sai ya yi haya, kuma wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin masu bayar da hayar keke da jagora a yankin ne. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kekunan nasu ba su fi na kowa ba, amma sanin da suka yi wa hanyoyin ya isa ya sa a biya kuɗin ba tare da ƙorafi ba.

Keken da aka ba ni irin mai shokozoba a gaba kaɗai ne, da birkin faifai mai aiki da mai, da faffaɗar taya mai manyan haƙora. An haɗa mini da hular kwano, famfon iska, tub na ko-ta-kwana da kayan faci, an kuma karɓi kuɗin ajiya da za a mayar idan keke ya dawo lafiya. Kafin in fita, mai shagon ya sa na hau, ya daidaita tsawon sirdi, ya rage iskar tayoyi saboda an kwana ana ruwa, sannan ya tuna mini cewa a Birtaniya birkin gaba yana hannun dama ne. Wannan tunatarwa tana da amfani ga wanda ya saba da kekunan Amurka ko na yawancin ƙasashen Turai, inda abin yake akasin haka, domin damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangare kan jefa mahayi ta saman kan keke. Giya tana shiga ba gardama, sarƙa tana da mai, birki kuwa yana kamawa da yatsa ɗaya. Aibin da na gani shi ne sirdin ba irin wanda ake saukewa da maɓalli ana cikin tafiya ba ne, don haka duk sanda gangare ya yi tsanani sai an tsaya an kwance shi da hannu. Ga kuɗin da suke karɓa, wanda ba kaɗan ba ne, ya kamata a ce sun wuce nan.

Inda suka burge ni shi ne tambayoyin da suka yi kafin su ba da shawarar hanya. Ba su tambaye ni ko na iya keke ba, domin kowa zai ce ya iya. Sun tambayi rabona da hawan tudu na awa guda ba tsayawa, da ko na taɓa gangarowa a kan duwatsun da ke motsi ƙarƙashin taya, da ko rigar da ke cikin jakata tana tare ruwa da gaske. Da amsoshin nan suka shimfiɗa taswira a kan teburi suka raba mini hanyoyin ƙauyen gwargwadon wahalarsu, suka kuma nuna waɗanda doka ta yarda a bi da keke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Wales da Ingila dokar 1968 ta ba masu keke izinin bin hanyoyin dawakai bisa sharaɗin su kauce wa masu tafiya a ƙasa da mahaya doki, amma ba ta ba su izinin bin hanyoyin ƙafa ba, kuma baƙo ba zai iya bambance su da ido ba sai da taswira.

Mafi sauƙi ita ce hanyar gefen ruwa, wadda a da dawakai ke bi suna jan jiragen kaya. An haƙa wannan hanyar ruwa a ƙarshen ƙarni na 18 ƙarƙashin injiniya Thomas Dadford ƙarami, ta isa Brecon a 1800, kuma kwal da dutsen farar ƙasa da ƙarfe ne kayan da ta riƙa ɗauka. Yau kimanin kilomita 56 nata ne jirage ke iya bi, jiragen kuma na 'yan hutu ne, dogaye sirara, masu tafiyar da mai keke ke wuce su ko bai taka feda sosai ba. Da yake an haƙa ta tana bin ƙugun tudu ne, kusan babu hawa babu sauka, ga kwarin kogin Usk shimfiɗe a ƙasa ta gefe guda. Wanda ya nufi Brecon zai bi ta Pencelli ya haye gadar Brynich, inda hanyar ruwan kanta ke tsallake kogin a kan gadar dutse. Wanda ya nufi kudu maso gabas zai tarar da ramin Ashford, mai tsawon mita 343, wanda ba shi da hanyar gefe, don haka mai keke ta sama zai zagaya kamar yadda dawakai suka riƙa yi a da, kafin ya kai Llangynidr inda matakan ɗaga jirage biyar suke a jere. Iyali da yara za su ji daɗin wannan hanya, sai dai tana ƙuntata a ƙarƙashin gadoji, kuma masu yawo da karnuka da masu kamun kifi sun fi masu keke yawa a kanta.

Ta biyu tana farawa daga cikin ƙauyen, kusa da tsofaffin matoyan farar ƙasa da ke bakin ruwa. Ita ce tsohuwar hanyar taragon Brinore, wadda aka buɗe a 1815, tsawonta kimanin kilomita 13, dawakai suna jan taragai daga mahaƙar dutse ta Trefil zuwa jiragen da ke jira a Talybont. An daɗe da cire ƙarafan, amma tubalan dutsen da aka kafa su a kai suna nan a wurare da dama, kowanne da hujin da aka buga ƙusa a ciki, kuma su ne ke girgiza keke har hannu ya yi tsami. Hawan ba ya tsanani, amma ba ya sassauci, kuma bayan ruwan sama taɓo da saiwoyin itatuwa sukan sa tayar baya ta riƙa zamewa. Ladan wahalar yana zuwa ne idan itatuwa suka buɗe, madatsar ruwan Talybont ta bayyana a ƙasa, doguwa a cikin kwarin Caerfanell. An gina ta a shekarun 1930 domin samar wa birnin Newport ruwan sha. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mai matsakaicin ƙwarewa, kuma ita ya kamata shagon ya fi tallatawa.

Amma abin da yawancin mutane ke zuwa nema shi ne zagayen da mahaya ke kira The Gap, kimanin kilomita 35, kuma shi na ɗauki jagora dominsa. Rabin farko yana yaudarar mutum. Ana bin wani yanki na Taff Trail, hanyar keke da ƙafa mai kilomita 88 daga Cardiff zuwa Brecon, wadda a nan ta hau kan tsohon layin dogon Brecon da Merthyr. Layin ya yi suna da wannan hawa, kusan kilomita 11 ana tashi mita 1 a kowace mita 38, har zuwa Torpantau, inda ramin jirgin ƙasa mafi tsayi daga teku a Birtaniya yake a zamaninsa. Abin da ya wahalar da jiragen ƙasa masu ɗaukar kwal bai zama komai ba ga keke mai giya, don haka mutum yana hawa yana hira, madatsar ruwa tana ƙara nisa a ƙasa ta hannun dama, har ya fara zaton labarin wahalar hanyar ƙari ne. Jagoran ya hana mu sauri a nan, ya sa muka ci abinci tun ba mu ji yunwa ba, kuma daga baya na ga hikimar hakan.

Bayan Torpantau da ɗan guntun kwalta, sai a shiga tsohuwar hanyar dutse da ke bi ta jikin tudun da ke saman madatsun Neuadd. Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya yanka a tsakiyarta, wanda dole a sauka a tura keke ƙasa, a tsallake rafin, a sake turawa sama a kan duwatsu masu santsi. Daga nan babu sauran itace ko inuwa, sai ciyawa da tumaki da iska, har a kai mashigar Bwlch ar y Fan, mai tsayin mita 599, tsakanin tsaunin Cribyn da Fan y Big. Pen y Fan, tsauni mafi tsayi a kudancin Birtaniya da mita 886, yana bayan Cribyn. Ta fuskar kudu tsaunukan nan suna tashi a hankali kamar bayan raƙumi a durƙushe, amma ta arewa a yanke suke, jan dutse jere bisa jere, kuma a daidai mashigar ne mahayi ke ganin wannan fuska karo na farko, da kwarin Cwm Cynwyn da gonakin Brecon can ƙasa.

Gangaren shi ne dalilin ɗaukar jagora. Mita ɗari na farko ko fiye matakan dutse ne da manyan duwatsu warwatse, kuma hanyar da ido ke zaɓa ba kullum ce mai kyau ba. Jagoran ya tsayar da mu, ya sauka a ƙafa ya nuna inda za a sa tayar gaba, ya ce a sauke sirdi, a mayar da nauyi baya, a saki birkin gaba a kan mataki a kama shi bayan an sauka. Ya kuma faɗa a sarari cewa wanda ya ga ba zai iya ba ya tura kekensa, kuma cikin ayarinmu waɗanda suka tura sun fi waɗanda suka hau yawa, ba wanda ya yi musu dariya. Bayan wannan yanki hanyar tana sakin jiki, sai gudu mai tsawo a kan tsakuwa da ciyawa, sannan wani lungu mai duwatsu tsakanin shinge biyu wanda ya fi kama da busasshen rafi. A nan ne mai keken da ba shi da shokozoba a baya zai ji a gwiwa da ƙugu. Shagon yana da masu shokozoba biyu a farashi mafi tsada, kuma ga wannan zagaye ƙarin kuɗin ya cancanta. Daga ƙasa ƙananan tituna ne ke mayar da mutum bakin hanyar ruwa, a ƙarasa zuwa Talybont a shimfiɗe.

Ƙorafina mafi girma a kan takardar tallarsu ne, wadda ta kwatanta zagayen da kalmomi masu laushi da hotunan rana tsaka, alhali abin da suke faɗa baki da baki ya fi haka gaskiya. Wanda ya karanta takardar kaɗai ya yi haya ya tafi ba jagora zai iya samun kansa a mashigar cikin hazo, da rigar da ba ta tare iska, a wurin da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa. Yanayin tsaunukan nan yana juyawa cikin ƙanƙanin lokaci, har a tsakiyar bazararsu, kuma masu ceto a tsauni 'yan sa-kai ne da ake kira ta lambar 999 a nemi 'yan sanda su haɗa mutum da su. Wannan bayani ya kamata ya kasance a rubuce a shafin farko. Haka kuma lokacin mayar da keke ya yi wuri ga mai tafiya a hankali a ranakun hunturu, lokacin da duhu ke shigowa tun wajen ƙarfe 4 na yamma.

Ta fuskar sauran buƙatu, ƙauyen yana da kanti mai ɗan wurin shan shayi da gidajen abinci irin na ƙauyen Birtaniya, waɗanda mashaya ne kuma. Musulmin da ke kiyaye abin da yake ci zai dogara ne da kifi da kayan lambu, ko ya zo da guzurinsa, wanda ko ba don haka ba dole ne a zagayen The Gap, tun da da wuya a sami inda za a sayi ko ruwa tsakanin ƙauyen da mashigar. Babu tashar jirgin ƙasa a Talybont yanzu. Mai zuwa ba mota zai sauka a Abergavenny ya hau bas mai zuwa Brecon, kuma gara ya duba jadawalin tun da wuri, musamman idan ranar Lahadi ce.

Ga hanyar gefen ruwa, keken haya mafi araha ya wadatar, jagora kuwa ɓarnar kuɗi ne. Ga Brinore, taswirarsu da bayanin baki sun isa. Ga The Gap, wanda bai taɓa binta ba ya ɗauki jagora, ya biya na keke mai shokozoba biyu, ya kuma kira shagon da safiyar ranar ya tambayi yadda iska take a mashigar kafin ya bar masauki.