Ethiopian ko EgyptAir, wanne za a hau daga Kano?

Hajiya na ga tambayarki, wai za ki je Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya sannan kina so ki kai Mama umara, kin rasa wanda za ki yanki tikitinsa tsakanin Ethiopian da EgyptAir. To ni dai ba zan ce ki hau jirgi ɗaya a tafiyoyin biyu ba.

Duka na gwamnati ne, duka suna cikin ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance, na Masar ya shiga 2008 na Habasha 2011. A shekaru EgyptAir ne yaya, tun 1932 aka kafa shi da sunan Misr Airwork, sai 1971 ya koma wannan sunan da muka sani. Ethiopian kuwa ƙarshen 1945 ne, Amurkawan kamfanin jiragen sama na TWA suka kama musu hannu, kuma abin dariya tashinsa na farko a Afrilun 1946 Alƙahira ya nufa, ta Asmara. Amma yanzu ƙanin ya wuce yayan nesa ba kusa ba, shi ne mafi girma a Afirka, shi ya fara kawo Boeing 787 nahiyar nan a 2012, ga jirgin Airbus A350 a 2016.

Maganar Sin kam Ethiopian, babu ja. Ki sauka filin Bole na Addis Ababa ki canza jirgi, suna da Guangzhou da Shanghai da Beijing, ga Indiya, kuma 'yan kasuwarmu sun saba da hanyar sosai har za ki ji ana Hausa a wajen jira kamar kina Kantin Kwari. In jiran ya kai awa 8 zuwa 24 sukan ba da otal, amma ki tambayi ejan ɗinki ya tabbatar tikitinki ya shiga tsarin, kar ki dogara da bakina. Kaya yawanci jaka biyu kilo 23 kowacce, shi ma ki duba jikin tikitin don ke dawowa ce matsalarki ba tafiya ba.

Mama kuma ni EgyptAir zan zaɓa mata. Daga Alƙahira zuwa Jidda ko Madina wajen awa 2 ne, kuma ba sa raba giya a jirgi, na Habasha kuwa suna bayarwa ga mai so, tsohuwa mai niyyar ibada ba za ta so na kusa da ita yana kurɓa ba. In kuma akwai ganin likita a Masar ko jika a Azhar sai a haɗa tafiya ɗaya.

Kuɗi kam ba zan ce wannan ya fi sauƙi ba, suna hawa da sauka, azumi na matsowa duka sai su ɗaga. Ki duba ranakun tashi daga Kano tukuna, in ranar ba ta yi miki ba duka biyun suna tashi daga Abuja da Legas.