Kwalaben Ƙanƙara ko Injin Sanyaya Ruwa?

A noman da ba a amfani da ƙasa, inda shuka ke samun abincinta daga ruwan tanki, saiwar latas ta fi son ruwa mai digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Celsius. Da zarar ya haura 25, oksijin ɗin cikinsa ya ragu, ƙwayar cutar saiwa mai suna Pythium ta samu kafa, saiwa ta ruɓe.

Kwalaben ƙanƙara da ake sakawa a tanki don sanyaya ruwan suna da araha, amma sanyinsu ba ya daɗewa. A zafin bazara sai ka yini kana sauyawa, zafin ruwan yana hawa yana sauka, shuka kuwa ba ta son haka. Injin yana riƙe ma'auni ɗaya dare da rana, sai dai ga tsada ga shan wuta. In tankinka ƙarami ne, binne shi a inuwa, ƙanƙara ta wadatar.