Hoto ba tare da kyamara ba: wane kaya za ka fara saya?

Za ka ɗora ganye ko yankin leshi a kan takarda mai sinadari, haske ya ci inda ba a rufe ba, siffar abin ta zauna. Hanyoyin yin haka suna da dama, amma in kaya ɗaya za ka saya, sayi na siyanotaif, wato hanyar da ke fitar da hoto shuɗi da hasken rana.

Masanin kimiyya John Herschel ne ya gano shi a 1842, a 1843 kuma Anna Atkins ta fara fitar da littafin hotunan tsirran teku da shi. Sinadari biyu kawai yake buƙata: giram 25 na ferik amoniyam sitret a ruwa mililita 100, da giram 10 na fotasiyam ferisayanaid a wani ruwan mililita 100, kowanne a kwalbarsa mai duhu. Sai za ka yi aiki za ka haɗa su daidai wa daida, ka shafa wa takarda a inda rana ba ta shiga, takardar ta bushe a duhu. Danne ganyen da gilashi, in ba haka ba gefensa zai fito dishi-dishi. Minti 10 zuwa 20 a rana mai ƙarfi, sannan wanki da ruwa zalla har ɗorawar ta fita tas. Shuɗin kan ƙara nuna washegari.

Fotogiram, wato ɗora abu a kan takardar hoto a haska ta, irin na mai ɗaukar hoto Man Ray, yana da kyau, amma sai da ɗakin duhu da ruwan wanki kala uku. Antotaif na ruwan ganye kuwa kwanaki yake ci a rana, kuma ya koɗe.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Ferisayanaid na gaske ja ne. In aka miƙo maka mai ruwan ɗorawa, ferosayanaid ne, ba zai yi maka hoto ba. Sitret ɗin ka nemi kore, mai ruwan ƙasa yana jinkirin kama haske. Takardar da aka riga aka shafa wa sinadari ta zama ɗorawa-ɗorawa mai ɗan kore. Wadda ta fara shuɗi a cikin leda ta sha danshi ko haske, kada ka karɓa ko an rage kuɗi. Abin da ya fi ciwo shi ne takardar zane da aka sa wa alli don ta daɗe: allin yana cinye shuɗin a hankali, aikin ya dusashe. Nemi ta auduga marar alli mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, don kada ta yage a ruwa. Kuma kada asid mai ƙarfi ya kusanci ferisayanaid, iska mai guba yake fitarwa.