Kalkuleta mai zana giraf: wa ya kamata ya saya, kuma wacce?

Amfanin wannan na'ura shi ne ɗalibi ya ga lissafi da idonsa. Idan ya rubuta y = x² − 4, nan take zanen zai fito, ya ga inda layin ya ratsa 2 da −2, idan kuma ya mayar da 4 ɗin zuwa 9 sai ya ga zanen ya ƙara nutsawa ƙasa. Abin da malami zai ɓata rabin darasi yana zanawa a allo, yaro zai gwada shi sau goma kafin a tashi.

Sai dai kafin uba ya nufi Kasuwar Sabon Gari, ya kamata ya san cewa WAEC ba ta yarda da kalkuletar da ake iya loda mata shiri ba, kuma mai zana giraf tana cikin irinsu, JAMB kuwa tata tana cikin kwamfutar jarrabawa. Saboda haka ɗan sakandare Casio fx-991ES Plus ta ishe shi, domin tana fitar da jadawalin x da y, shi kuma ya zana da hannunsa kamar yadda za a nema a jarrabawa. Don ganin zane a gida, manhajojin GeoGebra da Desmos kyauta ne a waya, illa dai waya tana zuwa da WhatsApp, kuma ba kowane yaro ke iya kau da kai ba.

Wanda na ga ya dace ya kashe kuɗin shi ne ɗalibin lissafi ko injiniyanci, kamar na Jami'ar Bayero. A nan zaɓi biyu ne. TI-84 Plus CE, wadda ta fito a 2015, tana da fuska mai launi, amma caji ake yi mata, kuma ta fi tsada. Casio fx-9750GIII fuskarta ba launi, tana aiki da batir ƙanana guda huɗu waɗanda ko a shagon unguwa akwai su. A garin da wuta ba ta da tabbas, ni Casio zan ɗauka, kamfanin da ya fara fito da irin wannan na'ura a 1985.

Jabu sun yi yawa, don haka a kunna ta a gaban mai shago, a zana giraf ɗaya, a danna kowane maɓalli kafin a miƙa kuɗi.