Audacity wajen juya MP3 zuwa WAV don aikin montaj

Masu haɗa bidiyon biki da suna da wa'azi a Yamai sun san wannan ciwon kai. Mai biki ya kawo waƙa a kle USB ko ya turo ta WhatsApp, an ɗora ta a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, da farko komai daidai, can a tsakiyar aiki sai bakin mawaƙi ya rabu da muryarsa. Wani lokaci ma manhajar ta ƙi karɓar fayil ɗin sam. Maganin shi ne a juya sautin zuwa WAV tun kafin a fara yanka, kuma Audacity, manhajar gyaran sauti, yana wannan aiki da kyau. Kyauta ne, tun shekarar 2000 yake, ba ya neman intanet bayan an girka shi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Tushen matsalar biyu ne. Yawancin waƙoƙin MP3 a kan 44,100 Hz suke (wato sau nawa ake auna sautin a kowace daƙiƙa), alhali sautin bidiyo a kan 48,000 Hz yake tafiya. Sannan akwai MP3 da ake matsewa da tsarin VBR, wanda nauyinsa ke hawa da sauka daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, shi ke ruɗar da lissafin lokaci a wasu manhajoji. WAV ba a matse yake ba, kowace daƙiƙa nauyinta ɗaya.

Aikin ba wuya. Ka jawo fayil ɗin cikin Audacity, ka shiga Pistes ka zaɓi Rééchantillonner, ka sa 48000. Idan waƙar tana tsagewa a sama, ko kuma ta yi ƙasa da yawa, ka bi ta da Normaliser, mai daidaita ƙarfin sauti, a kan -1 dB. Wajen fitarwa ka zaɓi WAV, 16 bit, ka sake duba cewa 48000 ne a rubuce. A tsofaffin sigogi wannan lamba tana ƙasa ta hagu, kuma ita ce ke yanke hukunci wajen fitarwa.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma laifin tsarin Audacity ne. A ɗan jerin da ke gefen layin sautin akwai wani wurin canja lambar, wanda ba ya juya komai, sai dai ya tilasta wa sautin gudu. Ka sa 48000 a can, waƙar za ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, muryar malam ta sirance kamar ta yaro. Haka nan goge .mp3 a ƙarshen suna a rubuta .wav ba juyawa ba ne, riga kawai aka sake masa.

Fayilolin sauti na M4A ba sa buɗewa sai an ƙara wa Audacity FFmpeg, wata manhaja mai karanta nau'o'in fayil daban-daban. Saƙon murya na WhatsApp, wanda nau'in fayil ɗinsa Opus ne, idan ya ƙi buɗewa shi ma FFmpeg ɗin ne maganinsa. Wannan ƙari yana wahalar da sabon shiga.

Sai ka tanadi wuri. Minti ɗaya na MP3 mai 128 kbps bai cika MB 1 ba, amma a WAV sitiriyo yana kai MB 11 da rabi, awa ɗaya ta tafsiri kusan MB 690 ke nan. Ga mai waƙoƙi 40 na biki ɗaya, Macros, sashen Audacity mai maimaita aiki ɗaya a kan fayiloli da yawa, yana juya su a tare, sai dai shirya shi ba ya da sauƙi kamar yadda ya kamata. Idan kuran ya ɗauke ana cikin aiki, Audacity yakan yi tayin dawo da abin da bai adana ba, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce a lokacin zafi.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne dawo da ingancin da ya riga ya zube. Waƙar da aka matse zuwa 64 kbps za ta fito a WAV da dusasshen sautinta, sai dai ta zauna daram a kan hoto. Idan mawaƙin yana kusa, ka nemi asalin fayil ɗin daga situdiyon da ya yi ɗauka.