Seaford zuwa Eastbourne ko Dover zuwa Deal: Wacce Za Ku Bi da Baba?

Ƙanwata, kin ce Baba ya kawo muku ziyara Landan, yana son ya taka fararen duwatsun bakin tekun Ingila da ƙafarsa, kin rasa wadda za ku zaɓa tsakanin hanyar Seaford zuwa Eastbourne da ta Dover zuwa Deal. Na bi dukansu, kuma da dattijo a tafe, Dover zan ce.

Wajen kyau dai ta Seaford ta fi, wannan ba gardama. Idan kika tsaya a Cuckmere Haven kika ga tuddan alli guda bakwai da ake kira Seven Sisters sun jeru fari fat, ciyawa kore shar a kansu, teku a ƙarƙashi, sai kin yi tasbihi. Amma abin da ido ke sha'awa gwiwa ce ke biya. Tafiyar ta kai kilomita 21, kusan awa bakwai, kuma kowane tudu sai an hau an gangara, kina gama ɗaya na gaba na jiranki. Ga kogin Cuckmere da babu gada a bakinsa, dole a ratse cikin ƙasa zuwa gadar Exceat sannan a dawo gaɓa. Bayan Birling Gap kuma akwai hawan Beachy Head, mai tsayin mita 162, lokacin da ƙarfi ya riga ya ƙare.

Ta Dover zuwa Deal kilomita 16 ce, awa huɗu zuwa biyar. Wahalarta a farko take, hawan da ake yi daga gari zuwa saman dutse, kuma ana iya kauce masa da tasi daga tashar Dover Priory zuwa wurin tarbar baƙi na Langdon. Akwai gangare da hawa a St Margaret's Bay, daga Kingsdown kuwa shimfiɗaɗɗiyar hanya ce a gefen tsakuwar bakin ruwa har Deal, ana wuce fadar Walmer. Jirgin ƙasa daga St Pancras awa ɗaya da 'yan mintuna ne, kuma Deal na da tashar kanta ta komawa.

Abin da ya sa na fi so wa Baba wannan shi ne akwai abin hira. Ran da sama ta washe ana hango Faransa ƙuru-ƙuru, kilomita 33 kacal, ga jiragen ruwa na shiga da fita tashar Dover a ƙarƙashinku kamar kwale-kwalen yara. Wayarki ma tana iya kama layin Faransa, ki kula da kuɗin data. Za ku wuce hasumiyar South Foreland, inda aka fara haska wa jiragen ruwa hanya da wutar lantarki a 1858. Kusa da ita na yi azahar a kan ciyawa, alƙibla na fuskantar teku, iska na ɗaga dardumar sai da na danne ta da jaka. Ku tafi da ruwan alwala.

Magana ɗaya ta haɗa hanyoyin biyu, kuma ita ta fi damuna. Galibin bakin dutsen babu shinge, allin kuma yana zaizayewa ta ƙasa, ciyawar da kike gani a baki wani lokaci babu komai a ƙarƙashinta. A 1999 sai da aka ja hasumiyar Belle Tout, wadda ke kan hanyar Seaford, sukutum mita 17 baya saboda ƙasa na cinyewa. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta faɗo a Cuckmere Haven garin ɗaukar hoto, ta rasu. Don Allah ku bar aƙalla mita biyar tsakaninku da baki. Ki ɗaure mayafinki tamau, Baba kuma ya ajiye babbar riga ranar, iska na cika ta. Takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas.

In kuwa Baba ya kafe sai Seven Sisters, ku hau bas mai lamba 12 daga Seaford ko Eastbourne, ku sauka a Exceat, ku bi gefen kogi zuwa bakin teku. Hanyar a miƙe take, zai ga fararen tuddan daga ƙasa, ku dawo kafin la'asar.