Na gama Shigatsu wa Kimi no Uso, idona bai bushe ba

Jama'a wallahi ban zaci littafin zane zai sa ni hawaye haka ba. Manga ce ta Japan, Naoshi Arakawa ya zana ta daga 2011 zuwa 2015, littafi 11 ne cif, kamfanin Kodansha ya buga. A turance suna ce mata Your Lie in April.

Labarin Kousei ne, yaro ɗan shekara 14 gwanin fiyano da mamarsa ta horar da shi da tsanani har da duka, to tana rasuwa sai ya daina jin sautin kiɗansa in ya zauna bugawa, kunnensa lafiya lau fa, ciwon a zuci yake. Ana haka Kaori ta faɗo rayuwarsa da gogenta na Turawa, yarinya mai rawar kai, ba ruwanta da bin ƙa'idar alƙalan gasa, ita ce ta jawo shi da ƙarfin tsiya ya koma kan dandali.

Abin da ya fi burge ni yadda takarda shiru amma kana jin kiɗan ta zanen yatsu da zufa. Inda na ɗan gaji kuwa barkwancin duke-duken nan da suke cusawa tsakiyar abin tausayi, haba, sam bai dace ba. Kuma yaran suna magana kamar dattawa.

Daga dama ake karantawa zuwa hagu kamar ajami, ba wuya. Littafi na 11 dai kar ka buɗe shi cikin mutane, ka tanadi hankici.